Ruwan da Ba a Dafa Ba

A lungunan unguwar Faisal ta Alƙahira, in ka tambayi Fatna matar marigayi Hamad tela, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Fatna mai wankan jego, ko mai tallar gas zai nuna maka benenta. Shi ma ya fi kowa saninta, don duk gidan da ya ga ta shiga da damin ganye, washegari a ƙarƙashin tagar yake tsayawa yana ƙwanƙwasa tukunyarsa. Ya san inda Fatna take, ruwa na tafasa.

Kakanninta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a Mai Wurno ta Sudan, zangon ya zama gida. Ita kuma aure ya kawo ta Alƙahira tana yarinya. A nan ta haifi 'yarta tilo, Israa, cikin sanyin hunturu, a ɗaki ɗaya, babu uwa babu gwaggo. Ita ta dafa ruwanta, ita ta ja bokitinta zuwa banɗaki, ta watsa wa jikinta iya inda hannu ya kai. Tsakiyar bayanta ba ta taɓa samun ganye ba. Tun daga lokacin ta yi rantsuwa cewa in dai tana numfashi, babu 'yar Hausa da za ta yi wankan jego ita kaɗai a garin nan.

Rantsuwa ta zama sana'a. Ta wanke 'yan Sudan, ta wanke matan ɗaliban Azhar, ta wanke matan ma'aikatan ofishin jakadanci a unguwar Ma'adi. A can ne Madam Comfort, wata 'yar Kaduna da Fatna ta yi wa wankan 'ya'ya biyu, ta sallama mata bishiyar darbejiyar da ke tsakar gidanta. Hannun Fatna kuwa ba ya jin zafi, haka kunnenta ba ya jin magiya. Mai jego na ihu, ita tana tsoma ganye tana fyaɗawa, tana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri, gobe za ki gode mini." Kuma suna godewa, duk da wasu sai sun ga ta sauka daga benen tukuna.

Israa ta shiga jami'ar da ke Giza ta zaɓi harshen Japan, wanda uwarta ta ce rubutunsa kamar kaji sun bi ta kan gari. Ta auri Ayman, ɗan gidan mutunci, karatu ya kai su wani birni na ƙasar Japan mai suna Kanazawa. Da ciki ya tsufa ba a samu halin zuwa goyon ciki ba, sai ga labarin haihuwa ta waya. Fatna da ta wanke 'ya'yan mutane, a ce tata ta tashi ba wanka? Ta ce ko a bayan duniya garin yake, sai ta je.

Ta isa a ƙarshen hunturunsu, da jaka shaƙe da kanwa da garin gero da rassan darbejiya naɗe cikin zani. A filin jirgi wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakar, ya ƙi tashi. Ma'aikacin da ke riƙe da karen ya sunkuya mata, ya buɗe, ya sake sunkuyawa, ya kwashe ganyen nan tas, ya kuma sunkuyawa. Fatna ta sha faɗa da direbobin Faisal, ta san yadda ake yi da mai ɗaga murya. Amma mutumin da ke raba ka da kayanka yana rusuna maka, ta ina za ka kama shi?

A gida kuma ta tarar da abin da ya fi wannan. Ta ɗauki jikanta, ta yi masa addu'a, ta leƙa banɗakin da bai fi akwatin amarya ba, sannan ta tambayi inda babbar tukunya take.

"Yumma, khalas, a bar maganar," Israa ta ce wa uwarta, idonta a ƙasa. "Likita ya ce kada in shiga ruwan zafi sai ya sake duba ni bayan wata. A nan ba a yi."

"Likitan ya taɓa haihuwa?"

Fatna ta dama kunun kanwa, aka sha, aka yaba, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ƙetaro duniya da aiki ɗaya a hannunta, an ce ta ajiye. Ta koma bakin taga tana jan carbi, tana kallon dusar ƙanƙara na sauka ba ƙara ba motsi. Shirun garin har tsoro yake ba ta. Ita da ta saba barci cikin hon ɗin motocin Faisal, ga gari guda cike da mutane, amma kana jin ɗigar ruwa daga indararo.

Ayman ya ga surukarsa na neman ramewa, sai ya ce, "Hajiya, yalla, taso mu zaga gari." Ya sa mata rigar sanyinsa a kan tobinta, lulluɓin nan na matan Sudan, suka fita.

Ya fara kai ta wani tsohon lambu na sarakunan da. Fatna ta shiga tana gunaguni, sai ta ɗaga kai, maganar ta maƙale. Manyan itatuwa ne masu ganye kamar allura, kowanne an kafa masa dogon sanda a tsakiya, daga ƙolin sandan igiyoyi sun sauko ta ko'ina kamar tsinkayen laima, kowace igiya ta riƙe reshe ɗaya. Ƙasa fari fat, tafki ya kwanta baƙi wuluk, itatuwan sun sake fitowa a cikinsa da igiyoyinsu.

"Me suka yi aka ɗaure su?"

"Ba laifi suka yi ba, Hajiya. Ƙanƙarar garin nan nauyi gare ta, tana karya reshe. Shi ne duk shekara ake hawa a ɗaure, in sanyi ya wuce a kwance."

"Reshe-reshe?"

"Reshe-reshe."

Ta daɗe a tsaye. A gefe guda wata 'yar bishiya da babu ko ganye ɗaya a jikinta ta fitar da jajayen furanni cikin tsakiyar sanyin nan, ƙanƙara a kansu. Fatna ta ce Subhanallahi, ta sake faɗa, har Ayman ya daina ƙirgawa.

Daga nan suka gangara wata tsohuwar unguwa mai siraran lunguna, ruwa na gudu a gefen hanya garau, kana ganin duwatsun ƙasansa. Nan ma ta ja ta tsaya. Katangun gidajen na ƙasa ne, jar ƙasa irin ta Mai Wurno, kuma an yafa musu tabarmin kara tun daga sama har ƙasa, an ɗaure tsaf. Ta cire safar hannu ta shafa. Ita da ta ɗauka ƙasar nan duk ƙarfe ce da gilashi, ga zana, ga ginin ƙasa, an rufa wa bango jiki don kada sanyi ya fasa shi.

"Mutanen da ke sa wa katanga riga," ta ce a hankali, "ba za su bar mai jego haka kawai ba. Akwai dai abin da ba ku gaya mini ba."

Ayman ya yi dariya, amma maganar ta isa kunnen matarsa.

Ranar da likita ya sallami Israa, arba'in bai cika ba tukuna. Ta dawo ta ce, "Yumma, ɗauko zaninki." Suka hau mota zuwa wani ƙauye cikin duwatsu, inda ƙanƙara ta kai gwiwa. Da Fatna ta ji cewa gidan wanka ne, kuma matan garin tare suke shiga babu ko ɗan ƙyalle, ta ce a mayar da ita Faisal yanzu-yanzu. Sai da aka rantse mata cewa ɗakin iyali aka kama, su biyu kaɗai, da sakata.

Ɗakin na katako ne, rabinsa a buɗe. Kwarmin dutse cike da ruwa, tururi na tashi, wani bututun gora na zubo ƙari ba tsayawa. Fatna ta tsoma hannun nan nata da ba ya jin zafi, ta ji ya ji.

"Ina tukunyar? Wa ke hura wutar?"

"Babu kowa, Yumma. Haka yake fitowa daga ƙasa."

Ba ta yarda ba. Ta zura takalmi ta zagaya bayan ginin tana neman tukunyar gas. Ta tarar da dutse, da ƙanƙara, da wani rami an rufe da katako, tururi na fita ta tsaginsa. Babu itace, babu toka, babu mai talla. Ta tuna benayen da ta hau da bokiti, da tukwanen da ta tsaya a kansu rabin rayuwarta. Ga shi nan Ubangiji ya dafa nasa a ƙarƙashin ƙanƙara, tun kafin a haifi kakanninta, yana ta zuba ko da mai wanka ko babu. Tsigar jikinta ta tashi, ta dafa bango ta yi tasbihi.

A hanyar dawowa ta ga gajerun ganyen gora sun leƙo ta cikin ƙanƙara. Ta nuna wa wata tsohuwa mai gidan wankan, tsohuwar ta sunkuya, Fatna ma ta sunkuya, ta karyo dami guda. Ba darbejiya ba ce, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ta ɗaura zani a ƙirji, ta zaunar da 'yarta a 'yar kujerar katako, ta yi bisimilla, ta tsoma ta fyaɗa. Israa ta yi ƙara kamar kowace mai jego a Faisal, kuma Fatna ba ta taɓa jin ƙarar da ta yi mata daɗi irin wannan ba.

Da ta gama ta miƙe za ta wanke ganyen, sai Israa ta riƙe damin.

"Zauna, Yumma. A ƙasar nan na ga 'ya'ya na cuɗa wa iyayensu baya."

"Ke, raba ni! Ni na haihu?"

"Kin haihu mana. Wa ya yi miki?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Fatna ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ta zauna a kujerar, ta juya baya, ta sassauta zanin. Ƙanƙara na sauka a bakin dutsen tana narkewa. Ganyen ya sauka da zafinsa a tsakiyar bayanta, daidai wurin da hannunta bai kai ba a ɗakin nan na Faisal.

"Da zafi?" in ji Israa.

"Ƙara," in ji Fatna, tana kuka.