Shekarar da Babur ɗin Tomie Ya Huta

Shagon askina yana kallon gidan taliyar Kurahashi, titi ne kawai tsakaninmu, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Tun aurensu aikin gidan a rabe yake. Genzo, maigidan, shi ke girki. Matarsa Tomie ita ke kai wa mutane gida-gida a kan wani ƙaramin babur. A garinmu na arewacin Hokkaido, da ƙanƙara ta fara sauka kowa ke ajiye babur sai bazara. Ban da Tomie. Ita sai ta ɗaura wa tayoyi sarƙa, ta ƙara riga, ta ci gaba. Ta san gidan da karensu ke cizo, ta san tsohon da ba ya jin ƙararrawa sai an buga masa taga. Sau ɗaya ta taɓa zubar da romo, ranar da motar ɗaukar gawa ta goge ta a kwana, ta ce har yau ba ta ga abin da direban ke wa sauri ba.

Shi kuwa Genzo, daga ƙirji zuwa sama gari ya san shi, ta tagar kicin. Magana ba ta dame shi ba.

Bayan ta haura sittin, gwiwar da take buga kik da ita ta ƙi. Likita ya ce sai an yi mata aiki a birnin Asahikawa, daga nan ta zauna gidan 'yarsu Hisae har sanyi ya wuce. Ni zan kai ta tasha, shi ya sa ina tsaye lokacin da take ba shi sallahu.

"Baban Hisae, ajiye ludayin nan ka saurara. Ka wanke shi ya bushe. Ka cika tanki kada tsatsa ta ci cikinsa. Ka cire batir ka kai ɗaki. Ka shafa wa sarƙa mai, ka toshe salansa da tsumma, ka lulluɓe shi a busasshen wuri. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Wanki, mai, rufi."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni. "Mai aski, mu tafi kafin in fasa."

Genzo bai yi wasa da amana ba. Ya wanke babur ɗin tas kamar kwanon baƙo. Da aka zo kan mai, sai ya ɗauko mafi kyawun da ya sani, man riɗin da yake suyar jatan lande da shi. Ya shafa wa sarƙa, ya ga ta yi sheƙi, sai ya bi kujera da wayoyi da duk inda hannunsa ya kai. Na leƙo na ce, "Genzo, wane irin mai ne wannan?" Ya ce, "Mai kyau." Busasshen wuri kuma babu kamar siton da yake tara buhunan gari. Can ya kai shi, ya lulluɓe shi da bargon baƙi. Batir ɗin ya ajiye shi a ɗaki, kusa da hoton mahaifinsa.

Saura kai abinci. Ya samo abin da yara ke zamiya da shi a kan ƙanƙara, ya ɗora kwanoni, yana ja da igiya. A nan gari ya fara ganin ƙafafunsa, aka gane ashe gajere ne. Wata tsohuwa, Goggo Shige, ta ƙi buɗe masa ƙofa.

"Waye?"

"Kurahashi."

"Ƙarya kake, Kurahashi mace ce."

Kafin ya iso taliyar ta huce, shi kuma ba ya yarda a ci girkinsa da sanyi. Sai ya cire takalmi ya shige kicin ɗin mutane ya ɗumama, ya zauna yana kallo har a cinye, yana tambayar ko gishiri ya ji. Daga gishiri sai labarin mahaifinsa, daga nan sai na kakansa. Ashe maganar tana nan, wurin zama ne bai samu ba. Kafin tsakiyar sanyi mutane sun fara buga waya gidan Hisae suna tambayar jikin Tomie, da ranar da za ta dawo.

Ta dawo da ƙanƙara ta narke, tana dogara sanda. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce sito, mu biyu muna biye. Ta yaye bargo.

Ɓeraye sun cinye kujera har ƙarfe. Wayoyin duk sun zama tsirara. Tsumman salansa sun janye shi sun yi sheƙa, akwai ma 'ya'ya a ciki, sun yi ɓul-ɓul. Sarƙa kuwa ko ɗigon tsatsa babu. Tomie ta dangwala yatsa ta shinshina.

"Man riɗi ne?"

"Sabo. Ban soya komai da shi ba."

"Ai da ka yanka musu albasa."

Genzo ya ce, "Tanki a cike yake."

"Ba sa shan fetur, Baban Hisae."

Ta zauna a kan buhu, ta ɗora hannu a kan tankin. Tun tana amarya suke tare da babur ɗin nan. Na fara neman hanyar fita don kada in ga kukanta. Sai ta ce wa mijin ya kwashe 'ya'yan ɓeran ya kai bayan gari, kada ya kashe su, laifin ba nasu ba ne.

Bakanike Oyamada ya duba ya ce gara a sayi sabo. Ta ce, "Ni da gwiwata ta lalace, gwiwa aka canza, ba matar ba. Sa waya." Ya sa. Kujera ita ta ɗinka da wani tsohon matashi. Ranar da injin ya tashi ya yi zafi, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya. Duk bazarar nan kyanwoyi ke raka ta, cinikin jatan lande kuma ya ƙaru.

Sabuwar gwiwa ba ta son santsi, saboda haka tun daga shekarar, da sanyi ya shigo Tomie ke adana babur ɗin da hannunta a zauren gida. Kai abincin sanyi ya zama na Genzo. Masu saye sun koyi yin oda tun hantsi idan suna son cin abincin rana.

Bara Hisae ta matsa su rufe shago su koma kusa da ita, ta ma samo musu gida a wani dogon bene. Tomie ta je gani. Ba ta duba ɗakuna ba, ba ta leƙa kicin ba. Ta tsaya a na'urar hawa bene, ta auna faɗinta da igiya, ta auna tsawonta, ta ce wa Hisae babur ɗin ba zai shiga ba. Ta biyo jirgin ƙasa na yamma ta dawo, washegari suka buɗe shago.