Ranar da Muka Yi wa Kare Majanyi

Na daɗe ina karantar da hukuncin kare a zauren gidana da ke Gangara: cewa ya halatta a riƙe shi don kiwo da farauta da tsaron gona, da yadda ake wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki. Amma sai da gemuna ya yi fari kafin Allah ya nufe ni da in zauna kusa da kare in dube shi da kyau.

Wata bazara ce, zan tafi Cadawa ta'aziyya. A tasha na tarar da wani tsohon Bafulatani da muka daɗe da sanin juna, yana dogara sanda, ƙafarsa a kumbure. 'Ya'yansa sun riga sun kora shanu can wajen Cadawa, babban ya aiko masa ya zo a mota. Babu wanda ya rage a rugar sai shi da wani tsohon jan kare, wanda shi ma ba zai iya tafiyar ƙasa ba.

"Modibbo," ya ce mini, "in ba a ɗauke shi ba, ni ma na fasa."

Na san abin da fasawar take nufi: ya koma bukkar da babu ko mai ɗebo masa ruwa.

Direba ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce a yi masa yadda ake yi wa ragon kasuwa, a haɗe ƙafafu huɗu a ɗaure, a aza bisa mota tsakanin buhunan aya, a kuma naɗe bakin da roba kada ya ciji mai sauke kaya. Tsohon ya yi gardama a kan bakin, direba ya ƙi. Ni kuwa ban ga aibin abin ba, don haka na shiga gaba inda aka ba ni wuri.

Da farko muna jin kankarar farce a kan rufi. Da muka yi nisa, rana ta take, sai ƙarar ta ɗauke. Tsohon kaɗai ya lura. Ya bugi jikin mota da sanda.

"Tsaya! Ya yi shiru!"

"Baffa, da ma ba shirun muke so ba?" in ji direba.

"Na ce ka tsaya, ɗan nan!"

Aka sauko da karen kamar tsumma, haƙarƙari na sama da ƙasa. Da aka yanke robar, harshe ya zubo waje yana ɗiga. Na matsa, a karo na farko na ɗora tafina a kan kare. Mamaki ya kama ni: doki a irin wannan rana da ya jiƙe sharkaf, wannan kuwa gashinsa a bushe. Na tambayi mai shi dalili.

"Ba ya zufa kamar mu, Modibbo. Da harshe yake shan iska."

Na yi tasbihi. Ashe ƙofar da Mahalicci ya buɗe masa ita muka toshe. Aka yanke gindin wata jarka aka ba shi ruwa, ya sha, ya ɗaga kai. Tsohon ya zauna a ƙasa kusa da shi ya ce mu tafi abinmu, su za su koma gida a hankali.

Na ce a shigar da karen ciki. Wani ɗan kasuwa ya tattare rigarsa.

"Haba Malam! Da wannan rigar zan yi azahar!"

"Za ka yi, Alhaji, kuma sallarka ta inganta. A mazhabarmu duk mai rai mai tsarki ne."

"Har yawun?"

"Har yawun."

Duk da haka bai saki rigar ba. Ni kuma na roƙi wani ya koma gaba, na dawo baya, don ina so in ga ƙarshen al'amarin da idona.

Saura ɗauri, domin direba ya rantse ba zai ja mota da kare sake a bayansa ba, kuma yana da gaskiya. Tsohon ya yi abin da ya sani: ya sa masa igiya a wuya ya ɗaure a ƙarfen kujera, kamar maraƙi a dangwali. Ba mu jima ba wata amalanke ta ratso hanya, direba ya taka birki. Karen ya tafi gaba, igiya ta fizge wuyansa, ya hau tari kamar zai shiɗe.

Wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta ja tsaki.

"Ku maza dai! Wancan ya mai da shi rago, wannan maraƙi. Wa ya taɓa goyo ta wuya?"

Ta kwance majanyin da ta ɗaure kayanta da shi, ta miƙa wa tsohon, don ita ba ta yarda ta taɓa karen ba. Tana faɗa yana yi: a zura ta ƙarƙashin hammata, a ratsa ƙirji, a gicciya a gadon baya, a ɗaure a ƙarfe gajere. Karen yana iya kwanciya, yana iya zama, amma ba ya iya kaiwa ga taga ko ƙafar direba. Da aka sake taka birki a shingen jandarma, na zuba ido: nauyin ya sauka a ƙirji, wuya bai motsa ba. Ya ɗora haɓa a kan ƙafar ubangidansa mai ciwo, harshe a waje, har muka shiga Cadawa.

Babban ɗan yana jira da amalanken shanu. Tsohon ya fara kwance majanyin zai mayar.

"Malam, sau nawa zan wanke shi?" dattijuwar ta tambaye ni.

"Shari'a ba ta ɗora miki ko sau ɗaya ba, Inna."

Ta dubi majanyin, duk gashi, ta dubi amalanken da hanyar da za ta bi.

"Bar masa, Baffa. Can ma akwai gargada."

Aka ɗaga tsohon, aka ɗaga karen, tsohon ya mayar da ƙullin a sandar amalanke yadda aka koya masa, suka nufi ruga.