'Yar Farin Malam Uwaisu

Duk wanda ya yi sakandare a Safana ya san Malam Uwaisu, mutumin Yasore, siriri mai faɗa da alli a hannu. Ilimin noma ya je karantawa a kwaleji, amma can aka ce dole kowa ya taɓa tarihi da adabi da ilimin tunani. Abokansa suna ta tsaki wai ɓata lokaci ne. Shi kuwa a nan ya tsinci abin da ya riƙe har furfura: ɗalibi ya yi tambaya, ya saurari wanda ya saɓa masa, kuma kada ya haɗiye magana don babba ne ya faɗe ta.

Haka ya dawo ya addabi yara. Ana darasin takin gyaɗa sai ka ji an koma tarihin rijiyoyin gari. Ka ce masa "haka ne, Malam," ka jawo wa kanka. "Haka ne a gidan wa? Ka musa mini!" Iyaye har ƙara suka kai, wai ya koya wa 'ya'yansu tsaurin ido. Ko a jikinsa.

To, ga inda abin yake da ciwo. 'Yarsa ta fari, Zuwairatu, a ajinsa ta zauna, kuma kaf ajin babu mai kaifinta. Amma Malam mutumin ƙauye ne, kunyar ɗan fari ta bi jininsa. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ta ɗaga hannu, ya kau da kai ya kira na bayanta. A gida ta zo da tambaya, ya ce ta je wurin uwarta. Wallahi ba ƙi ba ne, ya fi kowa alfahari da ita, sai dai a ciki. Tun tana ɗagawa har ta daina. Shi da ke tuhumar kowace al'ada a gaban allo, wannan ɗaya bai taɓa ce mata don me ba.

Yanzu ya yi ritaya, yanar ido ta rufe masa gani. Zuwairatu kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Batsari. Da aka ce sai an yi masa aiki a Katsina, ta zo gaishe shi, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ke, me kika gani? In yarda?"

"Duk yadda ka gani, Baba."

Ransa ya sosu. Sai ya jefa mata maganar da ya san ƙarya ce, ko za ta taso masa kamar yaran ajinsa. "An ce aikin nan makantar da mutum yake yi ɗungurungum."

Ya kasa kunne, yana roƙon Allah ta musa.

"To, Baba," in ji ta.

Bayan la'asar, ta riga ta hau mota, sai ga ƙanenta Kamalu ya shigo. "Baba, Yaya ta ce a faɗa maka ba haka ba ne. Aikin ba shi da haɗari, ka daure a yi."

Malam ya juyar da fuska bango, hawaye na zuba. "Ashe ta sani," ya ce. "Ni ne ba za ta iya faɗa wa ba."