Gwangwani Uku na Obdulia

Idan rana ta karkata, Obdulia takan fito tsakar gidan hayarmu da ƙanƙara ƙunshe a tsumma. Sai ta zauna kan kujerar roba, ta miƙe ƙafar hagu bisa kifaffen bokiti, ta ɗora ƙanƙarar a gwiwa. Ruwan ya riƙa bin ƙwaurinta a hankali yana ɗiga a siminti. Ni kuwa ina bakin ƙofata ina kurɓar gahawa.

"Maestro, kallon ƙafata kake yi kyauta? Wasu biya suke yi fa."

"Tsoho ai rangwame ake masa, Obdulia."

"Rangwame a gidan uban wa?"

Maestro suke kirana a gidan, don na taɓa koyarwa. Tun da na tare nan na same ta, a ɗakin da ke kusa da famfo, ita da ɗanta Fermin. Daga wani ƙauyen bakin kogi ta zo nan birnin Veracruz na bakin teku tana yarinya, da jariri a hannu, uban yaron kuma ya bi jirgin ruwa bai sake leƙo su ba. Ta yi wanke-wanke a gidajen abinci har hannuwanta suka tsage. Daga nan wata ƙawa ta kai ta gidan rawar Don Rutilio, bayan tashar jiragen ruwa, inda matuƙa da direbobin manyan motoci ke zuwa kallon mata suna rawa suna rage tufa. Can ta zauna har gashinta ya fara neman rini.

Sau ɗaya na taɓa ganin rawarta, da daɗewa. Sauran matan kiɗa suke bi da gudu. Ita kuwa kiɗan ne ke jiranta.

Sai dai rawar ba ita ke ciyar da mutum ba. Gidan ba ya biyan ko peso ɗaya don hawa dandamali, abin da 'yan kallo suka jefo kawai, shi ma sai an cire wa mai sa kiɗa da masu gadi nasu. Kafin mace ta shiga ma sai ta biya kuɗin ƙofa. Ta makara, a ci ta tara. Ta ƙara ƙiba, tara. Abincin yana wajen teburi ne. Idan baƙo ya gayyace ta zama ya saya mata abin sha, peso ɗari biyu zai biya, a kawo mata shayi mai sanyi da aka rina ya yi kama da giya, sabis mai kawo abin shan kuma ya saƙa mata fica a tafin hannu. Fica wata 'yar roba ce ja, faɗin kwabo, ita ce shaidar rabonta: peso sittin, sauran na gida. Kafin a tashi kowace mace takan kai nata wajen mai kuɗi a canza mata.

Obdulia rabi take canzawa. Rabin kuma ta dawo da shi gida cikin takalminta.

Fermin ne dalili. Tun yana saurayi ya kamu da cacar zakaru, kuma babu inda bai sani ba a ɗakin uwarsa: cikin katifa, ƙasan tukunyar wake, har bayan hoton Maryamu mai tsarki da take addu'a a gabansa. Ta gwada banki, ya tsare ta da kuka da rantsuwa cewa za a karya masa ƙafa saboda bashi, ta je da kanta ta ciro ta ba shi. Ban taɓa jin ta ce masa ɓarawo ba. "Hannunsa ne ke ƙaiƙayi," abin da take cewa ke nan. Amma fica ba ta da amfani gare shi. Ba a karɓarta a shago, a gidan rawar ma sai daga hannun mai ita. Ita kanta ba za ta iya miƙa masa ita a tsakiyar kukansa ba. Don Rutilio ya yarda da tsarin, tun da kuɗin a aljihunsa suke kwana.

"Ajiye abinki, 'yata," ya ce mata. "Ficata ba ta ruɓewa."

Haka ta cika gwangwanin madara ɗaya, ta fara na biyu, shekaru suna wucewa. Akwai wata tsohuwa a kasuwar kifi mai rumfar abinci, teburi biyu da murhu, wadda ta gaji tana son komawa wajen 'yarta. Sun yi cinikin rumfar da Obdulia, ta ce za ta jira ta zuwa ƙarshen shekara. Obdulia ta riga ta san abin da za ta riƙa dafawa: shinkafa da jatan lande, baƙin wake, soyayyen agade. Takan lissafa mini su kamar sunayen 'ya'yan da ba ta haifa ba.

"Ranar buɗewa za ka ci kyauta, Maestro. Washegari ka zo da kuɗinka."

Gwangwani na uku ya kusa cika ta ce bari ta ƙarasa shi. A cikin makonnin nan gwiwar ta kumbura ta kwantar da ita, tara tana taruwa a kanta. Tana kwance aka aiko cewa Don Rutilio ya faɗi a banɗaki, bai tashi ba. Ta ɗingisa ta je jana'iza, ta yi kuka na gaske. Bai zo mata a rai ta tambayi kowa komai game da ficarta ba. Sai da wata abokiyar aikinta ta zo dubiya, ta ciro abu daga jaka ta nuna mata: fica ce, amma rawaya, da lamba a jiki. Gamaliel, ɗan ƙanwar marigayin, ya karɓi gidan, ya canza su duka.

Washegari da rana ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta yi kwalliya, gwangwanayen suna cikin jakar kasuwa.

"Sa kwat ɗinka, Maestro. Idan ka yi shiru kana kama da lauya."

Gidan rawa da rana abin tausayi ne. An kife kujeru bisa tebura, warin tsohuwar giya yana kokawa da na maganin wanke ƙasa, dandamalin da ke ƙyalli a idon mashaya ashe katako ne duk faci. Ofishin yana can ƙurya. Gamaliel matashi ne mai tsabta, yana cin abincin rana daga roba. Ya miƙe ya ba ta kujera.

"Inna Obdulia! Ya ƙafar?"

"Inna? Jiya-jiya fa nake share maka majina a ɗakin nan."

Ya yi dariya. Ta jera gwangwanayen a kan tebur, ta buɗe murafen ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta tsaya. Ya sa hannu ya ɗebo, ya bar su suna zubowa ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan fa?"

"Gumina ne. Kawunka ya ce in ajiye."

"Ya rubuta miki?"

"Don Rutilio? Yaushe ka taɓa ganinsa da biro?"

Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, na ga ya gane ba lauya ba ne. Ya ja aljihun tebur ya fito da leda cike da jar fica, sabbi fil.

"Kin ga waɗannan? A shagon kayan wasan yara ake sayar da su, buhu-buhu. Mata biyu na kama da su. Shi ya sa na canza. Na ba da mako guda kowace ta kawo nata, na liƙa sanarwa a madubin ɗakin shiri."

"Ina kwance."

"Na sani. Amma ki duba ta wajena. Ta yaya zan bambance naki da na shago?"

"Shinshina su," in ji ta. "Na shago ba sa warin ƙafata."

Bai shinshina ba. Na buɗe baki na ce shekara da shekaru ina ganin tana tarawa, zan rantse a gaban kowa. Ya saurare ni da ladabi har na gama, irin sauraron da ake yi wa tsofaffi.

"Ban ce ƙarya take ba, Baba. Kawu bashi ya bar mini, ba kuɗi ba. Idan na karɓi nata yau, gobe kowace za ta zo da buhunta." Ya juya gare ta. "Ga abin da zan iya. Tarar kwanakin da ba ki zo ba, na yafe. Kuɗin ƙofa na wata guda, na yafe. Juma'a da Asabar na ba sababbin yara, kin san yadda kasuwa take. Amma Litinin da Talata naki ne, babu mai taɓa miki."

Litinin da Talata ranakun da sabis ke gyangyaɗi a tsaye ne. Duk mun sani.

Obdulia ta daɗe tana kallon gwangwanayen. Fanka tana juyawa a sama, a waje jirgin ruwa ya yi kuka mai tsawo. Na zaci za ta watsa masa su a fuska, har na matsa gefe. Sai ta ɗauki murafen ta mayar, tana danna kowanne da tafin hannu har ya zauna daidai.

"Tsohuwar kasuwa ba za ta jira ba," ta faɗa a hankali, ba da kowa take ba.

"Wace tsohuwa?"

"Ba ka san ta ba." Ta ɗago kai. "Yau wace rana?"

"Talata."

"To ai ranata ce."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta tsaya har gwiwar ta yarda ta ɗauke ta. Na miƙa hannu zan ɗauki jakar, ta girgiza kai, ta bar gwangwanayen a inda suke, kusa da abincinsa.

"Tafi gida, Maestro, ka cire kwat ɗin nan, gumi kake yi. Idan Fermin ya tambaya, ka ce akwai wake a tukunya."

Ƙofa biyu ce a ofishin, ɗaya ta hanyar fita titi, ɗaya ta ɗakin shirin mata. Ta bi ta biyun, tana jan ƙafar hagu kaɗan, ta ja ƙyauren a bayanta.