Kwalin da Yaya Bukar ya rubuta mini da ajami

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaga ƙofar shago da safen nan aka kira ni, wai Yaya Bukar mai gyaran waya ya rasu. Motarsu ta kife a hanyar Bulkachuwa.



Duk layinmu a kasuwar Azare an san ni da tsokana, kuma shi na fi takura wa. Na ɓoye masa takalmi a masallaci, na zuba masa gishiri a shayi. Iyakarsa ya ce, "Sabo, Allah ya shirye ka."

Ni allo kaɗai na yi, Turanci sai dai in kalla. Makon jiya na ga tallar katin bashi na banki a waya, ina son in saro takalma da shi. Saura kaɗan in danna, Yaya Bukar ya fizge wayar.

"Kai mai izu talatin a ka, da yatsa ɗaya za ka faɗa riba? Ba ni kwana uku."

Kwana biyar ya yi. Ya ajiye aikin mutane yana bin katunan bankuna uku, yana karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Wanne ke da ruwa, wanne ke yankar kuɗi duk shekara, wanne ke cin tara in ka makara. Ya yagi kwalin caja yana rubutawa da ajami, don in iya karantawa da kaina.

Shekaranjiya shaiɗan ya hau ni. Na ɗaure fuska na ce masa, "Yaya, ka cika jan lokaci. Na riga na cike fom, mai ruwan nan na ɗauka."

Bai yi dariya ba.

"Ashe wahalar banza na yi," ya ce. Ya ninke kwalin ya sa a aljihu, ya juya.

Wallahi ƙarya nake, ban cike komai ba. Cewa na yi bari ya kwana biyu yana huci, yau in kawo masa ƙosai in faɗa masa gaskiya.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ƙaninsa ya miƙo mini kwalin, wai a kan teburinsa ya gani da sunana. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "In katin ya zo kar ka taɓa shi. Kawo mu je a rufe."

Ya tafi yana zaton na faɗa riba, kuma yana neman yadda zai fitar da ni. Wa zan ce wa wasa nake?

Allah ka gafarta wa Bukar, ka haskaka kabarinsa, ka sanar da shi abin da ban samu na faɗa masa ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu. In da saura, ku roƙa mini ya yafe ni.