Lambar Yabon Da Na Rataya Ba Tawa Ba Ce

Malam Edita, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun nan, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma sai da furfura ta fito na shiga. Lokacin da abin nan ya faro ni saurayi ne a Garwa, ɗan mahauta, ba abin da na iya sai fiɗar akuya da tsokanar mutane. Baki kam akwai shi, amma ko kare ya yi haushi a bayana ni nake riga kowa hawa katanga.

Ana tsakiyar yaƙin Turawa na biyu aka ce kowace unguwa ta ba da mutum a kai soja. Mai unguwarmu ya ba da sunana, don na taɓa kwaikwayon tafiyarsa a kasuwa jama'a suka yi ta dariya. Ranar da za a kwashe mu na faɗa rumbun dawar kakata na ƙi fitowa. Taubashina, ɗan kawuna, wanda muka tashi kullum muna zagin juna, ya ga uwata tana birgima tana kuka, sai ya ɗauki gorarsa ya tafi. Da magatakarda ya kira sunana, ya amsa. A zamanin nan ba hoto, ba takardar haihuwa, wanda ya amsa shi ne mai suna. Suka shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala, shi ke nan. Bayan shekara huɗu ya dawo yana ɗingisa ƙafar hagu, da ɗan littafin sallama mai sunana da na ubana. Ya jefo mini a cinya, ya ce in riƙe, ai ni na ci yaƙin daga cikin rumbu. Ya tafi Bibemi noman gyaɗa, magana ta kwanta.

Bayan an sami 'yancin kai da 'yan shekaru aka yi shela, tsofaffin sojoji su kai littattafansu ofishin sufurefe, wato babban jami'in mulkin yankinmu, za a karrama su. Wallahi niyyata in leƙa kawai in ga yadda abin yake, in aika wa taubashina. Amma da akawu ya buɗe littafin ya karanta, sai ya miƙe tsaye ya sara mini. Ashe an rubuta cewa mai littafin ya goyo abokinsa da aka harba, ya fito da shi ana ruwan harsashi, har shi ma aka same shi a ƙafa. Ni da ba wanda ya taɓa tashi tsaye dominsa! Ya tambayi ƙafa, na ce da sauƙi. Na shiga ofis da ƙafafuna lafiya, na fito ina ɗingishi. Aka rataya mini lambar yabo, na ɗinka kaki, duk ranar bikin ƙasa ina cikin masu maci. Wani sa'in in manta in ɗingisa ta dama, har maiɗakina takan tambaye ni da safe wace ƙafa ce ke aiki yau.

Shekara shida ina wannan. Tsofaffin da suka san gaskiya sun mutu, sauran kuwa abin dariya suka ɗauke shi. Amma ban taɓa zama na natsu ba. In sojojin gaske suka zauna gindin dalbejiya suna labarin yaƙin da suka yi a sahara, wani ya juyo ya tambaye ni rundunar da na yi, sai tari ya sarƙe ni, ko in tuna ban yi alwala ba.

Ana nan taubashin nawa ya zo asibitin Garwa saboda ƙafar, zuwansa ya dace da ranar biki. Ina cikin layi ina buga ƙasa, na hango shi cikin 'yan kallo, ya dogara sanda. Washegari ya zo teburina a kasuwa, ya ƙame ya sara mini, ya kira ni kyaftin, ya tambaye ni yaya na baro Turawa. Na ce ya zauna ya ci tsire, ɗan ƙauye. Bai zauna ba. Ya ce 'ya'yansa sun ɗauka jaki ne ya kayar da shi yana yaro. Ya ce jiya ya je gidan tsofaffin sojoji ya gaisa da mutanensa, mai gadi ya hana shi shiga don ba shi da takarda. Ya ce ba ya son komai a wurina, illa ya yi maci sau ɗaya, a kira sunansa na yanka, kafin ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Na rantse masa a makon nan zan gyara.

Makon nan sai da ya zama shekara biyu. Ina tsoron kamun jandarma, 'yan sandan ƙasarmu, amma tsoron dariyar 'yan kasuwa ya fi. Sau uku ina zuwa har ƙofar ofis, in tsaya in gaida mai gadi, in tambayi iyalinsa, in juyo. Abinci ya daina shiga, na rame, ina yankan nama ina yankan yatsa. Sai da saƙo ya zo cewa ƙafar ta kumbura, maiɗakina kuma ta ce ta daina wanke kakin ƙarya, sannan na shiga. Na ajiye littafi da lamba a kan tebur, na faɗa wa tafinta komai, ya juya wa akawu da Faransanci. Akawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sha mur ya sa aka rufe ni kwana biyu. Da aka sake ni aka ce gyara sai da shaidu biyu waɗanda suka yi yaƙin tare da shi, da takardar mai unguwa, da yatsunmu mu biyu.

Na shiga yawo. Shaida ɗaya yana Poli, na same shi da damina bayan babbar mota ta kafe da mu a laka yini guda. Ɗayan yana can Kuseri yana tuƙin kwalekwale, kunnensa ya toshe tun yaƙi. Na yi ta ihun sunana, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce sunan kam ya sani, amma wannan tumbin bai je sahara ba. Dukansu suka dangwala. Na ɗauko taubashina aka shafa mana tawada. Nasa yatsan ya dace da na littafi. Nawa, akawu ya ce kamar katakon sarar nama. Takardu suka tafi Yawunde, daga can wai har Faransa, muka shekara muna jira. Kowace Litinin ina ƙofar ofis.

Ranar da sabon littafin ya iso na kai wa taubashina Bibemi, na tarar ba ya iya tashi. Malamin makarantar garin ya karanta a gaban 'ya'yansa, sunansa da na ubansa da labarin goyon nan. Ya sa aka maimaita har sau uku. Na maƙala masa lambar a riga, ya shinshina, ya ce tana warin kitse, ko da ita nake awon nama? Muka yi dariya, babban ɗansa kuwa ya fita waje yana share ido. Saura mako uku bikin ƙasa Allah Ya karɓi ransa.

Abin da ke hana ni sakat shi ne, faɗin gaskiyar nan bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba. Shekara biyun da na ɓata ina gaida mai gadi, su ne shekarun da ƙafarsa ke iya maci. Ya yafe mini, da bakinsa ya faɗa, amma ni har yau in na ji bugun gangar soja sai in shige gida. Jama'a, duk wanda ke riƙe da yabon da wani ya zubar wa jini, ko takarda ce ko suna, ya mayar masa tun yana iya tsayawa da ƙafarsa ya karɓa. Dariyar kasuwa da na ji wa tsoro ko mako ba ta yi ba.