Kwalaben Rakiya da Ranar Gummi

Shekara tara ke nan cif da rasuwar ƙanwata Rakiya. A gidanmu na Gummi ni kaɗai na rage mai tuna ranar ba tare da an tuna masa ba. Inna ta bi ta bayan shekara biyu, sauran 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, ni kuma na ajiye aikin koyarwa na dawo ina gadin ɗakuna huɗu da babu kowa a ciki.

Rakiya ta yi karatu mai zurfi, har ƙasar waje, a kan wata halitta da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Amiba ake ce mata, tana zaune a ruwan tafki cikin wani ɗan ƙoƙo mai siffar tulu. Tun can da, kakanninta sun haɗiye wata koriyar ƙwaya mai haɗa abinci daga haske, ba su narkar da ita ba, sai ta zauna ta zama sashen jikinsu. Tsirrai ma haka suka samo korensu, amma nasu ya daɗe ƙwarai. Na amibar nan, a lissafin masana, jiya-jiya ne. Abin da Rakiya take bi shi ne ƙwayoyin gado: idan haske ya ƙaru ko ya ragu, waɗanne ne ke farkawa su kama aiki, waɗanne ne ke yin shiru, kuma wa ke ba da umarni, mai gida ko baƙuwar da ta tare.

Kada mai karatu ya ɗauka a bakinta na fahimci duk wannan. Da ta fara bayani sai in katse ta da zolaya, in ce mun tura ta ta zama likita ta dawo tana kiwon ruwan kududdufi. Takan yi dariya ta bar zancen. Abu ɗaya na riƙe, wai suna cin haske. Ni kuwa ɗan manomi ne, kuma babban wa, irin wanda ba ya tambayar ƙanwa abin da bai gane ba.

A hutunta na ƙarshe ta zo gida da kwalabe uku na ruwan da halittun suke ciki, don babu wanda za ta bar wa su a wurin aiki. Halittun ba sa saurin yaɗuwa, ta daɗe tana lallaɓa su kafin su kai haka, kuma da su za ta kammala bincikenta. Ta jera su a kan wata kanta a ɗakinta, bayan labule. Ciwon da take ɓoye mana ya tashi, aka ɗauke ta zuwa asibiti a Sakkwato cikin gaggawa. Tana cikin mota ta riƙe hannuna ta ce in kula mata da su.

Na shiga ɗakin na gan su a dishi-dishi, tausayinsu ya kama ni. Na ɗauka rashin ƙarfi ne ya hana ta fitar da su. Wane koren abu ne ke son inuwa? Kullum da hantsi sai in ɗauko su in jera a tsakar gida kusa da shanyar barkonon Inna. Da na ga koren ruwan yana dusashewa, na ce yunwa ce, na ƙara musu lokaci har bayan azahar.

Bayan mako guda na je duba ta. Ta rame sosai, amma tambayarta ta farko kwalaben ne.

"Suna nan lahiya lau," na ce da ita, ina ji da kaina. "Kullum sai na hidda su rana, har la'asar wata sa'a."

Ta yi kamar minti ɗaya tana kallon bango, har na ɗauka ciwon ne ya motsa. Sannan ta juyo.

"Kai da kanka ka ɗauko su, Yaya? Allah shi saka ma da alheri."

Daga nan ta koma tambayar Inna da awakinta. Kwana biyar bayan haka ta cika. Na ci gaba da fitar da kwalaben har aka yi sadakar arba'in, lokacin ruwan ya zama fari tas, sai na juye shi a gindin zogale.

Yanzu rufin gidaje a Gummi ya cika da farantan sola, kowa yana tatsar rana. Nakan yi tunanin me Rakiya za ta ce. Ina jin za ta tambayi 'yan matan makaranta ko sun taɓa duba ɗigon ruwan fadama a madubi, kuma za ta ji zafin cewa mutane da yawa ba sa iya zuwa gonakinsu na wajen Bukkuyum saboda tsoron hanya. Ba ni da wanda zan yi irin wannan hira da shi. Abokaina a majalisa, da na kawo zancen amiba sai su tambaye ni farashin taki.

Kaɗaici ne ya sa shekara uku da suka wuce na buɗe littattafanta, ina bi da ƙamus, shafi ɗaya a yini. A nan na koyi abin da na rubuta a sama. A nan kuma na iske, da rubutun hannunta, cewa halittun nan ba su gama koyon kare kansu daga haske mai ƙarfi ba. Ɗan kaɗan suke so, irin na bayan labule. Rana tsaka tana ƙone su.

Na rufe littafin na zauna har aka kira azahar ban motsa ba. Ashe a minti ɗayan da ta yi tana kallon bango, ta gane aikin shekarunta ya tafi, ta kuma san ba za ta tashi ta sake shi ba. Ta auna ko ta faɗa mini, ta zaɓi ta yi mini godiya.

Binciken bai fito ba, sunanta ba ya cikin kowane littafi da na sani, kuma ni ne sanadi. Abin da ya rage mini na Rakiya shi ne wannan minti ɗaya, kuma ya fi mini nauyi fiye da a ce ta yi mini faɗa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta ba ni shekara shida ina barci da zaton na kyauta mata, ni kuwa ban taɓa barin ta kai ƙarshen magana ba.